Ko Ni Ba Zan Iya Buɗewa Ba

…kuma ga shi ya tsallaka, Réjean. Da ma kana nan ka gani. Ya tsallaka! Saƙon gwaji ya fita daga wannan sarƙar bayanai ya faɗa waccan, a kulle, ba wanda ya leƙa cikinsa. Kofina ya huce, mai shagon kofin sai harara yake zabga mini don na mamaye masa teburi tun safe. Ya yi ta yi.

Kai da ka ce mutane ba za su karɓi sabuntawar manhajarmu ta saƙon sirri ba. “Noémie, wa zai saurare ki? Ba ki da ofis, ba ki da sanda.” To ga su nan. Kwamfutocin mutanen da ban taɓa gani ba, a garuruwa irin su Halifax da Oaxaca, har wani ƙauye can yankin Yukon… kowa da hannunsa yake sauke sabuwar manhajar. Ban tilasta wa kowa ba, ba ni ma da ikon. Sun karanta aikina layi-layi, sun yarda. Aikina! Ni da ka ce taurin kaina zai kashe mu.

Ranar da ka tattara kayanka ka bar aikin — dusar ƙanƙara har gwiwa, kana tsaye bakin ƙofa — ka ce, “Mu bar ɓarauniyar hanyar buɗe saƙonni ɗaya tak, ƴar ƙarama, saboda ranar tsautsayi.” Na ce a'a. Ƴar jaridar nan mai amfani da manhajarmu, da ke ɓoye a garin Veracruz, da wane baki zan gaya mata akwai wani mabuɗi a aljihuna? Yau za ta tura labarinta, ba mai ji, ba mai gani. Ni na yi wannan. Ni.

Sai dai dattijon nan… Thibodeau. Wayarsa ta faɗa kogi da mabuɗinsa na sirri a ciki, saƙonnin marigayiya matarsa suna nan a sarƙa, a kulle. Ya kira ni ya ce, “Ƴata, ke fa kika gina abin nan. Buɗe mini ko guda ɗaya.” Na ce ba zan iya ba, Baba.

Ai abin alfaharin ke nan — ko ni ba zan iya ba. A tsohuwar manhajar, wataƙila… ka san akwai wata ƴar kafa da kuskure ya bari, wadda za a iya bi a buɗe saƙo. Ita sabuntawar nan ta toshe. Dole a toshe ta, duk wanda ya gano ta ya gama da kowa. Na yi daidai. Yau da safe na danna na saki sabuntawar, bayan dattijon ya kira. Bayan.

Wayata na rawa a kan teburi. Sabuwar lambar dattijon ce. Na yi daidai, ko? Réjean… na bar ta tana ta rawa.