Ranar Da Yusha'u Ya Kauce

Yusha'u mai faci ne a Katabu, a bakin titin Zariya, ƙarƙashin wata dalbejiya. Yayansa Mamman kuwa tela ne a Unguwar Shanu. Cikin 'ya'ya shida da Inna Kaltume ta haifa su biyu ne suka rayu, kuma tun rasuwar mahaifinsu Mamman ne ke riƙe da gidan.

Wata Talata da hantsi, a shekarar 1991, Mamman ya sauko daga bas da leda a hannu. Rigar Sallah ya ɗinka wa ƙanensa, ya kawo ya gwada. Ya tarar Yusha'u ya jingina tayar wata babbar mota, ya sunkuya yana ba ta iska.

"Yaya, ɗan jira ni, yanzu zan gama."

"Ba sauri nake ba. Ka dai wanke hannun nan kafin ka taɓa mini yadi."

Mamman ya zauna a bencin da ke bayansa yana dariya.

Irin wannan taya akwai zoben ƙarfe mai nauyi da ke riƙe da ita, ran nan kuwa zoben bai zauna daidai ba. Yusha'u ya ji wani ɗan ƙas. Bai san ya aka yi ba, sai ganin kansa ya yi kwance rub da ciki, ƙasa cike da bakinsa. Ƙara ta tashi kamar an harba bindiga. Zoben ya bi ta daidai inda Yusha'u yake kafin ya kauce, ya sami Mamman a ƙirji.

Aka sa shi a mota za a kai shi asibiti, amma ba a kai Kawo ba rai ya yi halinsa.

A wajen zaman makoki duk wanda ya yi wa Yusha'u gaisuwa sai ya ƙara da cewa, "Kai kam kana da sauran kwana." Shi dai sai ya sunkuyar da kai. Aka yi bakwai, aka yi arba'in, bai koma bakin titi ba.

Wata rana da la'asar Inna ta shiga madafa ta same shi tsugune gaban murhu. Ya miƙa yatsa kan garwashi, hannun ya fizge. Ya sake miƙawa yana cije leɓe, ya sake fizgewa. Yatsunsa biyu har sun tashi.

"Yusha'u! Me zan gani haka?"

"So nake in ga ko zan iya hana shi fizgewa, Inna. Ban yi niyyar kaucewa ba. Wallahi ban ma tuna yana bayana ba. Da na tsaya, da Yaya yana nan."

Inna ta durƙusa da ƙyar, ta kama haɓarsa, ta hura masa iska a ido. Ya ƙifta.

"Idon nan ya nemi izininka?"

Ya girgiza kai.

"To haka Allah ya yi jiki, ba ya shawara da mai shi. Da ka tsaya, da Mamman ne zan tarar a nan yana ƙona hannu." Ta shafa masa man shanu a yatsun. "Ɗaya aka karɓa, aka bar mini ɗaya. Kada ka ƙarasa mini shi."

Ta miƙe ta shiga ɗakinta, ta saki labule. Yana nan tsugune ya ji kukanta, irin wanda ba ta yi ba ko a ranar jana'iza.

Yusha'u bai sake taɓa taya ba. Ya koma sayar da albasa a kasuwar Kawo, ya yi aure, ya riƙe 'ya'yan Mamman uku tare da nasa. Amma ko bayan shekaru, in salansar mota ta buga ko kwano ya faɗi, sai a gan shi a ƙasa. Waɗanda ba su san labarin ba sukan yi dariya. Shi kuwa yakan tashi a hankali, ya karkaɗe gwiwa, ya waiwaya ya duba wa ke bayansa.