Ƙwallon Dabino Huɗu a Gidan Bihi

Laifin da zan ba ku labarinsa shi ne ƙin tambayar wanda ya sani, don kawai na gida ne. Mutum ya gwammace ya zagaye kasuwa yana tsintar zance a bakin baƙi, da ya taka zuwa ƙofar yayarsa ya ce, "Ban sani ba, koya mini." Bihi maƙwabcina ya yi haka a bikin Yennayer, wato sabuwar shekararmu ta manoma, shekaru biyu da suka wuce. Ina zaune a wurin, da ni aka ci tuwon, saboda haka kada wani ya ce na yi ƙari.

Marigayiya Mammas, uwar su Bihi, ita ke tuƙa tagula a gidan nan tun kafin a haife shi. Tuwon sha'ir ne a babban akushi, a yi masa rami a tsakiya, a cika da man 'ya'yan itacen argan da zuma. A ciki take ɓoye ƙwallon dabino guda ɗaya. Duk wanda ya tsinta, shi ke riƙe makullin ɗakin ajiya har shekara ta zagayo, hatsi da mai da zuma duk sai da izininsa za a taɓa. Shekara tara a jere Bihi ke tsintar ƙwallon. Har yakan ɗaga hannun damansa a ɗakin shayi ya ce albarka a nan take kwana.

Mammas ta rasu da kaka. Da sanyi ya sauko daga kan duwatsu, saura kwana biyu biki, sai Ijja yayar Bihi ta leƙo. Ita ce babba a cikinsu, mijinta ya rasu, gidanta yana jikin na Bihi, katanga ɗaya ce tsakani.

Ta ce, "Bihi, jibi ka aiko mini da garin sha'ir da akushin Inna. Ni zan tuƙa. Akwai kuma maganar da nake so mu yi."

Ya ce, "Yaya, ki huta. Gidan yana da mai shi, mai gidan kuma yana da mata."

"To, ka san yadda ake yi?"

"Shekara arba'in da shida ina ci, Yaya."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Jakina ma shekara goma yana cin sha'ir, ban taɓa ganin ya tuƙa ba." Ta ja mayafinta ta tafi.

Matarsa Zaina ba 'yar duwatsu ba ce, daga gangare ya auro ta, kuma muddin Mammas na da rai ba ta taɓa barin kowa ya riƙe muciyar wannan rana ba. Da yamma Zaina ta tambaye shi, "Maigida, me za a dafa?"

Ya ce, "Abin da aka saba."

"Wa ya saba? A gidanmu kuskus ake yi da kayan lambu bakwai. Naku kuwa ci kawai nake yi. Ana jiƙa garin ne ko ana zuba shi a tafasasshen ruwa? Ƙwallon kuma yaushe ake sa shi, a tukunya ko a akushi? Bari in leƙa wurin Yaya Ijja in tambaya."

"Ba inda za ki. Sai ta ce ban iya riƙe gidana ba? Gobe kasuwa, zan zo miki da komai."

Washegari na gan shi a kasuwa. Bai iya fitowa fili ya tambaya ba, sai ya riƙa cewa wai wani abokinsa ne daga birni yake son sani. Mahauci ya ce masa ai Yennayer ba ta cika sai da ƙafar akuya, a dafa ta da hatsi iri bakwai, haka kakanni suka yi, wannan tuwon na baya-bayan nan ne. Bihi ya sayi ƙafa takwas. Mai kayan lambu ya ce mahauci ƙarya yake yi, bakwai ɗin na lambu ne ba na hatsi ba. Ya shiga lissafa masa: kabewa, karas, kabeji, albasa. Matar da ke tsaye a gefe ta ce albasa ba ta cikin lissafi, ita ta miya ce. Mai lambu ya ce to tumatir. Ta ce tumatir ma na miya ne. Suka kaure da gardama, Bihi ya sayi iri tara don ya huta. Yana juyawa mai kaji ya kama masa hannun riga, ya ce duk gidan da bai yanka zakara a bakin ƙofa ba a wannan rana, to bai shiga sabuwar shekara ba, yana nan cikin tsohuwa.

Na tarar da shi a gindin katangar masallaci, zakara a hammata, ƙafafun akuya suna leƙowa daga kwando, yana ƙidaya da yatsu yana sake farawa.

Na ce, "Bihi, abokin nan naka na birni yana da yaya?"

Ya ce, "Baba Lahsen, kun fara ke nan."

"Je ka tambayi Ijja. Ita ta tsaya a bayan uwarku shekara talatin tana miƙa mata gari."

Ya ce to. To ɗin da ake faɗa wa tsoho ne don ya yi shiru.

Ranar biki tun hantsi hayaƙi ke fita daga gidan ta ƙofa da taga. Tukunya uku a kan wuta, mace ɗaya. Abin da ya faru a ɗakin girki daga bakin Zaina na ji shi daga baya, shi ma Bihi bai musa ba. Ƙafar akuya ta ƙi nuna, wake ya narke alkama tana nan da ƙarfinta. Zakara ya shiga miyar kuskus. Tagula ta yi gudaji, Zaina ta tace ta sake ɗorawa. Bihi yana shiga yana fita, ya ce a ƙara ruwa, ya dawo ya ce wa ya ce a ƙara ruwa.

Ta ce, "Maigida, a cikin ukun nan wanne ne abincin bikin, wanne ne rakiya?"

Ya ce, "Dukansu."

"To ƙwallon a wanne za a sa?"

"Ki bar mini wannan."

Ita kuwa ba ta yarda ya sani ba. Da ya fita, sai ta ci dabino ɗaya ta tura ƙwallon cikin kuskus kamar yadda ake yi a gidansu, ta ce ko ba komai an fita haƙƙin al'ada.

Shi kuma Bihi tsoro ya fara kama shi. Uwar da ke sa ƙwallo ba ta nan, idan albarkar hannun ta yi barci bana fa? Kuma ga ƙanensa Hammu zai zo. Hammu ba mugu ba ne, hannunsa ne ba ya rufuwa. In ka yaba rigarsa zai tuɓe ya ba ka. Bihi ya san in makulli ya faɗa hannun Hammu, ɗakin ajiya zai zama na duk ƙauye. Saboda haka da Zaina ta juye tuwo a akushi ta fita ɗauko mai, sai ya lallaɓa ya cusa ƙwallo a gefen da ya yi niyyar zama, ya shafe wurin da yatsa.

Zaina ta dawo, ta juya akushin don ta gyara ramin tsakiya. Bihi ya duba, ko'ina tuwo iri ɗaya, gefensa ya ɓace. Ya jira ta ba da baya ya cusa na biyu, ya ɗora ɗan tsinke don shaida. Ta juyo ta ga tsinke a kan abinci, ta cire ta yar, ta ɗauki akushin ta kai kusa da wuta kada ya huce. Ya cusa na uku. Wannan karon bai sa shaida ba, idonsa kawai ya kafa a wurin, har Hammu ya yi sallama ya shigo yana cewa, "Kawo in taya ku," ya sungumi akushin ya yi ɗaki da shi.

Bayan magariba muka zauna, mu biyar: Bihi, Zaina, Ijja, Hammu, da ni da aka gayyata saboda tsufa da maƙwabtaka. Kaskon gawayi a gefe, kowa cikin bargon ulu. Ijja ta dubi kwanuka uku a jere.

Ta ce, "Biki uku ne ya haɗu yau, ko mutum talatin ake jira?"

Bihi ya ce, "Bismillah, Yaya."

Na ce, "Da wanne za a fara?"

Babu wanda ya sani. Hammu ya ce shi dai ƙafar akuya yake hange. Ya ja ɗaya, ya ciza, ya mayar. Ya ce, "Wannan akuyar har yanzu tana iya tafiya." Aka koma kan tagula. Bihi ya sa hannu ya juya akushin zuwa dama, ya dube shi, ya mayar hagu, ya sake juyawa.

Ijja ta ce, "Niƙa kake yi ko ci za mu yi?"

Loma ta uku Hammu ya tsaya, ya sa yatsa a baki, ya fito da ƙwallo. Ya yi ihu, "Na samu! Yaya Bihi, bana albarka ta yi ƙaura!"

Fuskar Bihi ta canza, sai ya ƙara sauri yana haƙa gefensa kamar mai neman ruwa a rafi. Ni kuwa ina cikin taunata a hankali, da 'yan haƙoran da suka rage mini, na ji abu mai tauri. Na fito da shi na ajiye a kan tabarma.

Na ce, "Jama'a, wannan fa?"

Hammu ya ce, "Baba Lahsen, ku ma? To ɗakin ajiyar namu ne ko naku?"

Zaina ta ce, "Ai ba a nan yake ba, yana cikin kuskus."

Kowa ya juya ya dube ta. Ijja ta sa cokali a kuskus, ta tona kaɗan, sai ga ƙwallo a ƙarƙashin kabewa. Ta ajiye shi kusa da nawa. Hammu ya ce to yanzu makulli za a raba uku ne, ko ɗakin? Zaina ta ce ita ɗaya ta sa, wallahi ɗaya. Ni na ce a iya sanina baƙo ba ya riƙe makullin gidan mutane, amma kuma ban taɓa ganin an tsinta an hana ba. Muna cikin haka sai muka ji ƙas! Bihi ya dafe kunci. Ya tofa a tafin hannu: ƙwallo, da rabin haƙori.

Ya ce da baki a karkace, "Na samu. Ga shi. Nawa ne na gaskiya."

Ijja ta jera su huɗu a kan tabarma. Ta ce, "Zaina ta sa ɗaya a kuskus, wannan al'adar gidansu ce, ba ta yi laifi ba, kuma ba ya cikin lissafinmu. Saura uku a tuwo ɗaya. Bihi, wa ya sa?"

Bihi ya sunkuyar da kai yana duban rabin haƙorinsa.

"Da kai nake. Dabino ya haihu ne a cikin akushi?"

Ya ce, "Ni ne. Gefena nake nema, akushin ne ya ƙi tsayawa wuri ɗaya."

Hammu ya fashe da dariya har ya kwanta. Ijja ba ta yi dariya ba. Ta jawo akushin, ta nuna masa wani wuri a bakinsa inda itacen ya ɗan ɓalle.

Ta ce, "Ka taɓa lura da wannan?"

"A'a."

"Shekara arba'in da shida kana ci. A ƙarƙashin ɓallin nan Inna take sa ƙwallo, ta kuma ajiye akushin da hannunta, ɓallin yana kallon wanda ta yarda da riƙonsa. Shekara tara tana juya shi wajenka, don kai kake iya kai hatsi har girbi. Kafin ta cika ta ce mini, 'Ijja, ki ci gaba da juya wa Bihi.' Maganar da na zo mu yi ke nan shekaranjiya, ka ce in huta."

Bihi ya dubi hannun damansa, ya mayar da shi cikin bargo.

Ya ce, "To ai shi ke nan, Yaya. Tunda Inna ta faɗa, makulli nawa ne."

"Da ni na tuƙa, naka ne, ba wanda zai ji ba wanda zai gani. Yanzu kuwa kowa ya gani. Baba Lahsen, ku ne babba, me kuka ce?"

Na ce wanda ya sa ƙwallo da hannunsa don ya tsinta, ba tsintuwa ya yi ba. Ni baƙo ne, na janye. Wanda ya fara samu da zuciya ɗaya shi ne mai makulli. Bihi ya ciro shi daga wuyansa, da igiyar da ta yi shekara tara a wurin, ya miƙa wa ƙanensa. Hammu ya rataya, nan take ya ce da ni gobe in aiko a ɗebar mini zuma.

Ga abin da Bihi ya rasa. Makulli, shekara guda cur. Haƙori ɗaya, don sauran rabin ma sai da aka cire. Ƙafar akuya takwas da karnuka suka ƙarasa. Tulun man argan biyu da buhun sha'ir huɗu, waɗanda Hammu ya rabar kafin furanni su fito. Maganar albarkar hannu, wadda bai sake yi a ɗakin shayi ba. Sannan kowace safiya ta wannan shekara, in yana son zuma a burodinsa, sai ya taka zuwa ƙofar ƙanensa ya tambaya.