Shekara Takwas da Suka Ɓace a Takardata

Ofishin lauyoyin kyauta yana saman wani shagon wanki a titin Danforth, a Toronto. Saura kwana tara in shiga gaban alƙali kan neman mafaka, lauyata Madam Pereira ta shimfiɗa takardu biyu a tebur.

"Yihune," ta ce, tafinta Gashe Zewdu yana juya mini, "ka rubuta a 2013 aka kama ka, aka karya maka hannu. Takardar likita ta ce 2021. Alƙali ya ga wannan, zai ce ƙarya kake, a mayar da kai Habasha."

Na rantse ban yi ƙarya ba.

Gashe Zewdu ya leƙo ni ta saman tabarau. "Kai yaro, a 2013 ko gashin baki ba ka da shi. Wa zai ɓata sandarsa a kanka?"

Madam Pereira ta sake duba takardun. Can ta ce, "Wane wata?"

"Ginbot."

Ba ta jira fassara ba. Ta jawo aljihun tebur, ta fito da wata takarda da ta sha hannu. Kalandarmu ta Habasha ce gefe guda, da rubutunmu, ta nan a ɗaya gefen. Ta aza yatsa. "Da lissafin gida ka rubuta. Ginbot 2013 ai shi ne Mayun 2021."

Ni dai abin da ya faru a gida, da shekarun gida nake tuna shi. Ban taɓa kawo wa raina a juya shi ba.

Gashe Zewdu ya dafe kai. "Shekara talatin a Toronto, yau baƙuwa ke koya mini watan garinmu!"

"Gashe, tsufa ne," na ce. Ya ɗaka mini duka a kafaɗa.

Matar nan ba ta taɓa taka ƙasarmu ba, ba ta haɗa komai da ni ba. Yini uku ta zauna da ni, muna bin ranaku ɗaya-ɗaya: rasuwar babana, kamuna, ranar da na tsallake iyaka. Ta rubuta gyara ta aika.

Ranar zaman kotu, alƙali ya tambaye ni shekarun nan takwas. Na faɗa masa da bakina, a hankali, da lissafin biyu. Ya duba takardar, ya yi rubutu, ya ci gaba da tambayoyi har awa biyu. Da ya gama ya yi magana gajeriya.

Gashe Zewdu ya dube ni, ya juya mini maganar.

"Ya yarda da kai, ɗana. Ya ce ka zauna a ƙasar nan."