Ƙyallayen Awon Kaka

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don a aji uku na tsaya, kuma a gida ma Shiru ake kira na. Amma tunda na rubuta sunaye ɗari biyu da hannuna, wannan ba zai gagare ni ba.

Kakana tela ne, bai taɓa riƙe biro ba. Idan mutum ya kawo ɗinki, sai ya yanki siririn ƙyalle daga yadin, ya gwada kafaɗa ya ƙulla, ya gwada ƙugu ya ƙulla, haka har tsayi. Shekara arba'in bai yar da ko ɗaya ba. Gwangwani goma sha ɗaya suka cika a ƙarƙashin gadonsa.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya sa na jawo su, ya kira Kawu, babban ɗansa, wanda yake direba.

"Likita ya gama nasa lissafin, saura nawa," in ji shi. "In na tafi, ina za ku kai waɗannan?"

Kawu ya yi dariya. "Baba, tsummoki ne fa. A cusa matashin kai da su."

Kaka ya sa hannu a gwangwani. Ya lalubo wani shuɗi gajere, ya bi ƙullin da yatsa.

"Wandon makarantarka na farko. Dubi ƙugun, kamar na ƙadangare. Ranar da ka sa shi ka jiƙa shi."

Kawu ya karɓa, ya gwada a tsintsiyar hannunsa. Bai mayar da shi gwangwani ba, aljihu ya sa.

"To ka gani," Kaka ya ce. "Kowane da mai shi. Amaryata za ta rubuta suna ta maƙala. Bayan raina a kai wa kowa nasa, wanda ya riga ni a ba 'ya'yansa."

"Tsoho, rubutuna kamar tafiyar kaza ne," na ce.

"Kazar ai tana isa inda za ta. Ɗauko biro."

Sati uku muna yi. Shi ya shafa ya faɗi suna, ni in rubuta a guntun kwali in soke da allura. Mai gyaran famfo. Ungozoma. Wani malamin makaranta da ƙullinsa na ciki ke matsawa gaba duk shekara.

A gwangwani na huɗu ya ciro wani ja mai ɗigon fari. Ya shafa, ya sake shafawa, ya kai hanci.

"Na san kafaɗar nan," ya ce. Amma sunan ya ƙi zuwa. "Ajiye shi gefe."

Kafin la'asar na gefe sun zama biyar, ga gwangwani bakwai ko buɗe su ba mu yi ba. Na gane ba mutuwa ce za ta fara kwashe sunayen ba.

"Ba zan jira bayan ranka ba," na ce. "Wanda ya sa riga ba ya manta yadinta."

"Ke? Ke da ko mai kanti ba kya iya yi wa magana?"

Washegari da safe na sa biyar ɗin a jaka, na haɗa da na Ungozoma, don ta san kowace mace a layinmu. Na tsaya a ƙofarta, na yi sallama. Ba a ji ba. Na ɗaga murya na sake.