Shaidar da Col Ya Bayar

Shekarar da aka yi gasar ƙasa ta tuƙa jirgin sama marar inji a garin Kurrabil, fari ya riga ya cinye yammacin jihar. Manoma sun sayar da tumakinsu, tafkuna sun tsage, amma masu tuƙa jirgi marar inji ba su taɓa samun sama mai daɗi irin ta watan Janairun nan ba, wanda a ƙasarsu tsakiyar lokacin zafi ne. In ƙasa ta gasu, iska mai zafi takan miƙe tsaye kamar hayaƙi, ita ce kuwa abincin jirginsu. Jirgi mai inji ya ja ka da igiya ya kai ka sama, ka saki igiyar, daga nan sai kai da halinka. Ka nemi iska mai tashi, ka yi ta kewayawa a cikinta har ka hau, sannan ka zame ka nemi ta gaba. Wanda ya zagaye hanyar da aka yanka ya dawo gida da sauri, shi ke kwashe maki.

Narelle Tickner likitar dabbobi ce, ta haura arba'in, kuma tun tana budurwa take bin wannan harka. Ta sha zuwa ta huɗu, ta sha zuwa ta biyar. A bana kuwa, saura kwana biyu a tashi, ita ce ta biyu, kuma mutum biyu na farko su ne za a tura Turai gasar duniya. Wanda ke biye da ita kut da kut a na uku shi ne Lachie Brannock, saurayi mai zafin nama, ɗan Col Brannock.

Col ne ya koya mata tuƙi. Shi ya zauna a bayanta ranar da ta fara barin ƙasa, shi ya yi ta zaginta har hannunta ya faɗa. Ya ci gasar nan a zamaninsa. Yanzu ya tsufa, yana shiga ne kawai don kada a manta da shi, yana can ƙasan jeri yana ta barkwanci.

Da safe aka taru a rumfar jirage. Mai duba yanayi ya nuna taswira ya ce hadari zai taso daga yamma da la'asar, kowa ya yi ƙoƙari ya dawo kafin lokacin.

"Kai malamin duba!" in ji Col daga baya, da burodi da tsiran nama a hannunsa. "Tun Kirsimeti kake mana alkawarin ruwa. Ko matata ta daina yarda da kai, ita da ta yarda da ni."

Aka kwashe da dariya. Da za a watse ya dafa kafaɗar Narelle.

"'Yata, ki tausaya wa yaron nan yau. Uwarsa ta riga ta sayi akwatin tafiya."

"Ta mayar kanti, Kawu. Ko ta ara min."

"Ji mara kunya! Ni na koya miki, ki zo ki kashe min gida."

Mijinta Wal, makaniken taraktoci, shi ke goge mata fukafukai, shi ke jawo tirela in ta sauka a jeji. Ya rufe mata murfin gilashi, ya buga shi sau biyu da tafin hannu kamar yadda ya saba, ya riƙe mata bakin fiffike har ta tashi.

Rabin farko na tafiyar kamar wasa. Amma hadarin bai jira la'asar ba. Tana juyowa kan hanyar gida ta ga yamma ta yi baƙi ƙirin, inuwarsa ta shimfiɗu a kan gonaki tana kashe zafin ƙasa. Waɗanda suka fita da wuri, har da Lachie, sun tsere. Ita kuwa ta yi ta zamewa cikin iska mai sanyi, ƙasa tana matsowa, har ta fara bambance turakun shinge.

Sai ta hango mikiya tana kewayawa a kan wani jan tudu da rana ke taɓawa har yanzu. Ta nufi wurin. Fiffikenta na dama ya ɗaga, ta kwanta a kansa, na'urar hawa, mai nuna ko jirgi na ƙara sama, ta fara kuka siriri. Ba iska ce mai ƙarfi ba, amma tana ƙaruwa a kowane zagaye, Narelle kuwa ta san irinta. In ta daure kaɗan, za ta samu tsayin da zai kai ta gida.

A nan ta ga wani farin jirgi ya shigo ƙarƙashinta, ƙasa sosai. Ta gane harufan da ke jelarsa.

"Kin kama ta, ja'ira," muryar Col ta fito a rediyo. "Ni na makara, gindinta ya tsinke. Zan sauka a gonar alkaman nan. Ki gaida gida."

Tana kallonsa ya daidaita, ya sauko lafiya lau. Saura ƙiris ya taɓa ƙasa, iskar gaban hadari ta iso. Ta ɗaga masa fiffike ɗaya, ɗayan ya caki ƙasa, jirgin ya wuntsila ya kife. Ƙura ta turnuƙe, ta wuce. Babu abin da ya motsa.

"Col! Kawu Col, kana ji na?"

Shiru. Ta kira filin jirgi ta faɗi inda suke. Aka ce jirgi mai saukar ungulu ba zai iya ratsa hadarin ba, motar asibiti kuma sai ta ɗau lokaci. Ta duba ko'ina, gida mafi kusa ɗan ɗigo ne can nesa. Na'urar hawa tana ta kuka, yanzu da ƙarfi. Ta ƙara zagaye ɗaya, ta ƙara wani, tana kiran sunansa. Sannan ta yi wata ashar da ba ta taɓa yi ba, ta ja birkin iska, jirgin ya fara nutsewa.

Ta same shi rataye a ɗamararsa, kai a ƙasa. Wani ƙarfe ya farke masa cinya, jini na tsartuwa. Ta sha ganin irin wannan a jikin doki. Ta jawo shi waje, ta yanke ɗamarar ta ɗaure saman raunin, ta murɗa da sandar tuƙi da ta karye har jinin ya tsaya. Ta zauna a kan tushiyar alkama, kansa a cinyarta, tana kare masa fuska daga yashi.

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta.

"Me ya sauko da ke, wawiya?"

"Yi shiru, tsoho. Ka riƙe nan."

Mai gonar ne ya fara isowa da a-kori-kura, motar asibiti daga baya. Likita ya ce da an ƙara jimawa, da gawa za su ɗauka. Hadarin kuwa ya yi ta rugugi ya wuce, bai zubar da ko ɗigo ba.

Wanda bai dawo gida ba, nisan da ya yi kaɗai ake lissafa masa. Narelle ta faɗo ta biyar, Lachie ya hau na biyu. Amma akwai doka a gasar: wanda ya bar tafiyarsa don ceton rai, kwamiti na iya ba shi makin da zai samu da bai tsaya ba. Wal ne ya kai ƙorafin, ita ko wanka ba ta yi ba.

Washegari da safe kwamiti ya zauna a ɗakin shan shayi na kulob. Shugabar gasa, Pru Kessell, ta ce babu mai musun abin da Narelle ta yi. Abin tambaya ɗaya ne: da ba ta sauka ba, za ta kai gida? Na'urar jirginta ta nuna tana hawa, amma a hankali, ga kuma hadari a kanta. Lachie yana tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jajur don bai yi barci ba.

"Ni ba ni da ta cewa," in ji shi. "Sai dai duk wanda ke wajen nan a lokacin, ƙasa ya yi. Huɗu ne suka sauka a gonaki."

"Su ba su samu iskar da na samu ba," in ji Narelle.

"To wa ya gani?" wani ɗan kwamiti ya tambaya.

"Col ya gani. Yana ƙarƙashina. Har ya yi min magana."

Maganar a tashar rediyon da matuƙa ke hira aka yi ta, ba a naɗa ba. Pru ta kira asibiti, ta ajiye wayar a tsakiyar tebur ta buɗe murya. Aka gaishe shi, aka yi masa sannu. Muryarsa a shaƙe take amma hankalinsa garau. Ya ce yarinyar nan ita ce ransa, ba don ita ba da yanzu ana auna masa akwatin gawa. Narelle ta sunkuyar da kai.

"Col," in ji Pru, "iskar da take ciki, za ta kai ta gida?"

Aka ji ana tura wani abu mai taya a can asibitin.

"Gaskiya, Pru, ranar ta riga ta mutu. Ɗan abin da ta samu ba zai kai ko'ina ba. Da ni da ita, duk ƙasa muka nufa."

Wal ya miƙe har kujera ta faɗi. Narelle ta riƙe masa hannu. Ta dubi Lachie, shi kuwa yana duban takalminsa.

Kwamiti ya bar maki yadda suke. Pru ta ce ai akwai sauran yau, kowa ya san Narelle, tana iya ramawa. Aka jera jirage a bakin fili. Narelle ta shiga nata ta ɗaure. Da sama za ta ba ta rana ɗaya mai kyau, ta san abin da za ta yi da ita.

Kafin a ja jirgin farko, gari ya rufe. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashinta, ƙato kamar kwabo. Sai ruwa ya kece, irin wanda Kurrabil ta shekara uku tana roƙo. Aka soke ranar, aka rufe gasa. Daga inda take zaune tana jin mutanen gari suna ta danna hon, ta ga matar da ke sayar musu da abinci ta fito tsakar ruwa tana rawa da faranti a ka. Wal ya zo ya tsaya kusa da jirgin, ya jiƙe sharkaf, bai buɗe murfin ba sai da ta buɗe da kanta.

A wajen rabon kyauta aka kira sunanta na musamman. Kowa ya miƙe ana tafi, aka miƙa mata kwalbar giyar inabi da furanni. Ta karɓa, ta ce ta gode. Lachie ya zo zai rungume ta, ta miƙa masa hannu.

Hanyarsu ta gida ta bi ta garin da asibitin yake. Wal ya ce su wuce. Ta ce ya tsaya, ya jira ta a mota.

Matar Col ta ƙanƙame ta a bakin ɗaki tana kuka, tana sa mata albarka, sannan ta fita nemo shayi. Col yana kwance, ƙafa a rataye, ya rame a kwana biyu kamar an sace shi.

"'Yata! Zo nan. Kin ji ruwa? Malamin duba ya ci gari."

Ba ta zauna ba.

"Kawu, tambaya ɗaya na zo yi. Ka gan ni ina hawa, ko ba ka gani ba?"

Ya mai da ido kan taga. Ruwa na gangarowa a gilashi.

"Narelle, ke kina da aikinki, kina da suna. Yaron nan ba shi da komai sai wannan. Ya bar makaranta saboda shi, ni na sa shi. In bai tafi bana ba..."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya yi ajiyar zuciya.

"Na gani. Da kin kai gida, har da canji."

"To."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, 'yata. Ke ma da kina da ɗa, da kin gane."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya san sarai abin da ita da Wal suka sha a kan maganar haihuwa, shi ya kai ta asibiti a karo na biyu da cikin ya zube.

"Akwai wata magana," ya ci gaba da sauri. "Lachie zai buƙaci wanda zai duba masa sama a can, wanda ya san gajimare. Ni ga yadda nake. Na ce wa Pru babu kamarki. Kin ga ke ma kin je Turan ke nan."

Narelle ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ta gyara masa bargon da ya zame daga ƙafarsa mai lafiya, don hannunta ya saba, ta fita. Ta yi kiciɓis da matarsa ɗauke da kofi biyu, ta ce mata Wal na jiranta a mota.

A mota Wal ya tambaye ta me ya ce.

"Ya ce a gaishe ka."

Wal ya so su ɗaukaka ƙara, ya ce ko a gaban kowa sai ya sa tsohon ya maimaita. Ta ce a'a. Wa zai ja mutum mai ƙafa a rataye gaban kwamiti ya ce ya ƙaryata kansa a kan ɗansa? Ko ta ci, ita za a zaga.

Lachie ya tafi Turai, ya dawo can tsakiyar jeri, bayan shekara biyu ya bar tuƙi ya koma sayar da gidaje a bakin teku. Narelle ba ta sake shiga gasa ba. Takan tashi ranar Lahadi ita kaɗai, ta yi nisa, ta dawo. Col yana nan, yana dogara sanda. Duk taron shekara na kulob sai ya tara sababbin shiga ya ba su labarin yadda ta sauko daga sama ta ɗaure masa cinya, har da hawaye, kuma yakan ba da shi daidai, ba ya rage komai sai ƙarshen. In ya gama ya sa a kai mata giya teburinta. Takan ɗaga masa hannu daga nesa. Wal ne ke shanyewa, don ya ce ba laifin giyar ba ne.