Kirarin Madaki

Ƙafar Ɗanasabe tela ta tsaya cak a kan keken ɗinki. Wata motar kamfen ce ta shigo layinsu a Unguwar Kanawa, samari maƙil a bayanta, idanu jajur, suna kaɗa adduna. Abin da suke rerawa ne ya daskarar da shi.

"Madaki Abdurrahim, mai kwana bisa sirdi! Gari ya ji ka ya buɗe ƙofa!"

Kirarin kakan kakansa ne. A kan rufin motar kuwa ɗansa Bilal ke tsaye, ya ɗaure kai da jan ƙyalle, yana amsawa da jinjina.

*

Ɗanasabe ne ya koya masa kirarin. Tun Bilal na wasa da ƙyallaye a gindin keken yake ba shi labarin yadda Abdurrahim ya fara da riƙon linzami a rundunar daular Sakkwato har ya kai ga jan dakaru, yadda ya hana mayaƙansa taɓa rumbun talaka, da yadda girma ya zo ya ajiye takobi ya zama waziri, ya ƙare kwanansa yana sulhunta garuruwan da ya yaƙa.

Da la'asar ya tare ɗan nasa a zaure.

"Bilal, sunan wa na ji a bakin 'yan sara-suka?"

"Namu ne, Baba. Honarabul ɗin da muke wa kamfen ma Madaki yake ce min."

"Mutumin nan a waziri ya mutu. Jama'a ya riƙe, ba..."

"Ai shi ma da sara ya fara. Na gama makaranta, na yi yawon neman aiki har takalmina ya cinye, wa ya san ni? Yanzu in na taka, tashi ake."

 Sai yanzu Ɗanasabe ya tuna wajen yaƙin ne yakan ɗaga murya har da kwaikwayon haniniyar doki. Kafin ya kai ga waziranci, yaron ya yi barci.

*

Ranar Asabar magoya bayan 'yan takara biyu suka kara a Malali. Auwal, ɗan maƙwabcinsu Malam Shehu, ba ya cikin kowa. Fasinja ya ɗauko a keke napep ɗinsa, rikicin ya rutsa da shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Waɗanda suka gani sun ce da kirarin Madaki aka far masa. Bilal bai kwana gida ba, aka ce Honarabul ya fitar da shi daga gari.

Tun zuwan Ɗanasabe unguwar, shi ke ɗinka likkafanin duk wanda ya rasu, bai taɓa karɓar komai ba. Washegari da safe ya buɗe shago, ya sa farin zare, ya zauna jira.

Ƙanen Malam Shehu ya ɓullo da farin yadi a hammata. Ɗanasabe ya miƙe. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya wuce ƙofar shagon, ya nufi wajen telan bakin titi.