Ƙauyen da Injiniya Ya Katange

Zaharaddini ya ce daga Talata Mafara har Bakura babu wanda ya kai shi iya gina gari a cikin gem, wato wasan kwamfuta. Ya ce garin da ya katange, abokan gaba ba su taɓa shigarsa ba. Shagon buga takardu gare shi a bakin titin Sakkwato, amma ya naɗa wa kansa Injiniya, kuma ba ya amsa gaisuwa sai an haɗa da sunan.

Hussaina ba gem ne ya dame ta ba. Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga sunka kore su daga ƙauyensu, can bayan Faru. Tun ranar, mahaifinta Malam Zubairu ya daina cin abin kirki. In an aje mai tuwo, sai ya ce a bari sai an koma gida. Ita ko ta san gida ya zama toka. Sai ta yi tunanin in ya ga ƙauyen, ko a fuskar kwamfuta ne, wataƙila ya yarda ya sa wani abu a baki.

Kwana uku tana zuwa shagon tana kwatance, Injiniya na jawo kaya yana dasawa. Wasan yaƙi ne da ake bugawa ta intanet, yana da wurin da mutum ke tsara filin da kansa. Babu itacen kuka a ciki, sai wasu itatuwa masu tsini na ƙasar sanyi. Babu rumbu, sai ya jera ganguna. Da ta ce shanun Baffa, wato mahaifin nata, farare ne, ya sa tumaki ya ƙara masu girma.

"Tsarin zamani ke nan," in ji shi. "Ke da ba ki yi boko ba, da wuya ki gane."

Daga ƙarshe ya zagaye gidajen da ganuwar dutse, ninki uku. Wannan ba ita ta roƙa ba.

Ran Juma'a ta sa ɗan kabu-kabu ya ɗauko Baffa. Anka gaisa, anka tambayi gajiya da iyali, tsohon ya zauna yana haki.

"Ga masallaci, Baffa," in ji Hussaina. "Ga gidanmu. Wanga na maƙwabtanmu su Ɗanasabe ne."

Malam Zubairu ya daɗe yana kallo. Ya miƙa yatsa ya taɓa gilashin daidai ƙofar ɗakinsa.

"Ɗana, mutanen ciki suna motsi?"

"Har noma suke yi, Baba. Bari ka ga ilimi."

Injiniya ya danna. 'Yan mitsi-mitsin mutane sunka fito daga ɗakuna da fartanya a kafaɗa, sunka nufi gabas wajen gonaki. Da sunka kai ganuwa sai sunka tsaya. Sunka bi ta dama, sunka dawo, sunka bi ta hagu. A kusurwar allon akwai hoton damin hatsi da lamba a gefensa, lambar tana ta raguwa. Da ta ƙare, mutum ɗaya ya faɗi. Wani ya bi shi. Babu maharin da ya zo.

"Sabis ne ba kyau," in ji Injiniya, yana danne-danne.

Tsohon ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

"Tashi mu tahi, Hussaina. Na gani."

Daga muryarsa ta san ko kunu ba zai sha ba yau. Ta kama shi ya miƙe, ta gyara mai hula. Sai da sunka kai bakin shagon ta juyo.

"Injiniya, gonakin da rijiyar duk suna waje. Ba ka sa ƙofa ba."